Daga Zaki zuwa Duna: yadda wani gida a Kumasi ya sake karɓar kare bayan cizo

Gidan da wannan lamari ya faru na wan mahaifiyata ne, ɗan kasuwar goro wanda ya yi yawancin rayuwarsa a Aboabo, ɗaya daga unguwannin Zango na Kumasi, cikin gidan haya mai iyalai da yawa. Da Allah ya hore masa sai ya sayi fili can wajen Kenyase, ya yi gini, ya ja katanga, ya kwashe iyalinsa suka tare. Su shida ne: shi da Hajiya da ƴaƴa huɗu. Babban yana koyon gyaran mota a Magazin ta Suame, autar kuwa yarinya ce ƴar shekara 7 a lokacin. Zan kira shi Alhaji kamar yadda kowa ke kiransa.

A Zango bai taɓa tunanin mai gadi ba, domin unguwar ba ta barci. Mai shayi yana nan har tsakar dare, kafin ya tashi mai koko ta hura wuta. Sabuwar unguwa ba haka take ba. Gidajen a warwatse suke, rabinsu kangaye ne da ciyawa ta cinye. Shekara ba ta zagayo ba sai da aka haura katangar aka kwance raguna biyu da Hajiya ke kiwatawa don layya, daga baya aka dawo aka cire injin jan ruwa. Daga nan maganar kare ta taso.

Alhaji bai yanke shawara ba sai da ya je wurin malaminsa. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ɓarayi sun sa ni gaba, yara kuma sun ce kare ne maganinsu. Ni kuwa ina tsoron ladana." Malam ya karanto masa hadisin da ya ce wanda ya riƙe kare ana rage masa lada kullum, sai dai karen farauta ko na kiwo ko na gona, ya ce malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗannan idan akwai bukata ta gaskiya. Ya kuma ba shi labarin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda aka ruwaito cewa ya ajiye kare bayan katangar gidansa ta faɗi. Ya tuna masa cewa a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, amma kwanon da ya sa baki a ciki ana wanke shi sau 7. Sharaɗin da ya gindaya shi ne karen ya zauna a waje, kada ya shiga ɗaki, kuma ci da shansa su zama amana a wuyan mai gida.

Babban ɗan ne ya kawo karen farko. A wani gareji ya same shi, mai wurin ya yi tafiya ƙasar waje ya bar shi ɗaure da wani tsohon injin mota. Ruwa biyu ne, da jinin Boerboel, irin manyan karnukan nan na Afirka ta Kudu da namijinsu kan wuce kilo 60. Sarƙar ba ta kai taku uku ba, ta ci wuyansa har ta yi gyambo. Ƙudaje sun cinye bakin kunnuwansa, kaska ta cika tsakanin yatsunsa, haƙarƙarinsa kuwa ana iya ƙirga su daga nesa. Yaran gareji in sun tuna su jefa masa ragowar dokunu, wato tuwon masara mai tsami, in sun gaji da aiki su tsokane shi da sanda su yi dariya. Yaron ya ji tausayinsa da gaske, ba zan rage masa wannan ba. Ya nemi izinin mai kula da wurin, ya ɗauko shi a aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, cikin hunturu, ya sa masa suna Zaki.

Makonnin farko Zaki ko haushi ba ya yi. Ya ci, ya kwanta, ya bi mutane da ido. Gida ya ɗauka an dace da kare mai haƙuri. A ganina nan ne aka fara karanta shi a baibai, domin shirun nan na yunwa ne da tsoro. Da jiki ya dawo sai halin da gareji ya dasa masa ya fito fili. Idan yana cin abinci aka matso, sai ya sandare, ya sauke kai a kan kwanon, ya fara gurnani. Idan Hajiya ta ɗauko tsintsiya sai ya zabura har sarƙar ta finciko shi. Duk namijin da ya shigo da kayan aiki masu warin baƙin mai, sai an riƙe shi. Kuma har lokacin a ɗaure yake wuni, sai dare ake sakinsa, domin abokan yaron sun ce kare in ya saba da mutane ba ya gadi. Har barkono suka ce a riƙa zuba masa a abinci don ya yi zafi.

Abin da ya fi yin ɓarna shi ne yadda aka bi da gurnanin. Duk lokacin da ya yi, sai yaron ya tsula masa tiyo. Bayan ɗan lokaci Zaki ya daina gurnani, kowa ya ce ya ladabtu. Alhali gurnani shi ne hanyar da kare ke cewa a ja baya. Duka ya kawar da gargaɗin, tsoron da ke haifar da shi kuwa yana nan daram. An yi masa maganin kaska da na gyambo daga shagon magungunan dabbobi, amma allurar rigakafin haukan kare ana ta cewa sai wata mai zuwa.

Washegarin Babbar Sallah abin ya faru. Tsakar gida cike da baƙi, hayaƙin babbakar kai da ƙafa ya turnuƙe, mata suna suya. Wani ya jefa wa Zaki ƙashin cinya. Balan-balan ɗin Auta ya gangara har kusa da shi, ta sunkuya za ta ɗauka. Babu haushi, babu gurnani. Ya cafki hannunta ƙasa da gwiwa sau ɗaya ya saki, ya bar ramuka huɗu.

Nan take shawarwari suka yi yawa. Wata ta ce a yanko gashin karen a ƙona a shafa, wani ya ce toka, yayanta kuwa ya ruga mota ɗauko man birki. Allah ya sa ƙanwar Hajiya tana wurin, ma'aikaciyar jinya ce. Ba ta tsaya gardama da kowa ba. Ta ja yarinyar bakin famfo, ta ɗauki sabulun wanki, ta ce wa wani yaro ya riƙe agogo. Minti 15 cur tana wanke ciwon a ƙarƙashin ruwa mai gudu, yarinyar tana ihu, uwar tana cewa ya isa haka, ita kuwa tana cewa, "Yaya, ki bar ni, wannan wankin shi ne rabin maganin." Daga nan sai asibiti. Aka yi mata allurar tetanus, aka fara ta haukan kare a ranar, sauran suka biyo a rana ta 3 da ta 7, ta ƙarshe bayan mako biyu. Ba a ɗinke ciwon ba, domin cizon kare ba a cika rufe shi nan take ba.

Tsoron da ya kama gidan yana da dalili. Ciwon haukan kare idan alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kuma kimanin kashi 40 cikin ɗari yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Kusan duka daga kare ake kamuwa. Galibi yakan ɗauki wata 2 zuwa 3 kafin ya nuna, shi ya sa mutane ke sakankancewa da zarar fata ta warke. A daren samari suka so kashe Zaki. Ƙanwar Hajiya ta hana, ta ce a tsare shi kwana 10 a gani, domin karen da ya riga ya fara yaɗa cutar a yawunsa ba ya wuce wannan wa'adi lafiya lau. Likitan dabbobi na gwamnati ya zo ya duba shi, ya sake dawowa da wa'adin ya cika. Zaki lafiyarsa ƙalau, aka yi masa allurar da aka yi ta jinkirtawa.

Amma zamansa a gidan ya ƙare, kuma ina ganin daidai ne. Kare mai wannan girma, mai tsaron abinci, wanda aka riga aka kashe masa gargaɗi, ba ya zama inda yara ke kai da kawo. Wani ya zo da tayin saye, kowa ya san don nama ne, Alhaji ya ce a'a. Wani ya ce a ba shi guba, ya ce wa'iyazu billahi. A ƙarshe wani mai gonar kaji a hanyar Offinso ya karɓe shi, wuri mai faɗi da waya zagaye, babu yara, sai dattijon mai gadi da ya saba da karnuka. Abin da ya fi burge ni shi ne Alhaji bai ɓoye komai ba. Ya ce musu karen ya ciji ƴarsa, ya faɗi yadda aka yi, ya ce kada kowa ya matsa masa yana ci.

Sama da shekara gidan ba kare. Auta ta daina bin hanyar da ta saba zuwa makarantar allo saboda akwai gida mai kare a kanta, da dare takan farka da kuka. Ɓarayi kuwa ba su tuba ba, suka kwashe kaji, suka ɗauke tukunyar gas daga kicin na waje. Da Alhaji ya sake tayar da maganar, hujjarsa ita ce Zaki da halinsa ya zo, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a samo ɗan kwikwiyo kawai. Hajiya ta ce, "Alhaji, kaji ake sata ko ƴaƴa? Ka dubi hannun yarinyar nan." Mako da makonni maganar ba ta motsa ba.

Babban ɗan tuni ya fara nuna hotuna daga Facebook da WhatsApp: ƴan kwikwiyon Boerboel da Rottweiler ƴan mako 5, babu katin allura, ba a nuna uwar, a haɗu a tasha a biya a karɓa. Wannan karon Alhaji ya fara zuwa wurin likitan dabbobin da ya duba Zaki kafin ya karɓi komai. Likitan ya tambaye shi abin da yake so karen ya yi. Ya ce ya tashe shi idan an taɓa katanga. Likitan ya ce in dai haka ne karen gida ya wadatar, ya fi jure zafi da kaska, cinsa kaɗan ne, kuma mace ko yaro na iya riƙe shi. Ya gargaɗe shi kada ya karɓi wanda bai kai mako 8 ba, domin a wurin uwa da ƴan'uwa ɗan kwikwiyo ke koyon sassauta cizo: in ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi wasa ya tsaya. Ya ce kuma lallai ya ga uwar da idonsa.

Hajiya ta sauko ne da sharaɗin ba sarƙa, ba duka, kuma sai Auta ta yarda da bakinta. Ta ƙara da cewa katin allura a hannunta zai zauna, tare da katunan asibitin yara. Aka tambayi yarinyar. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Baba, in ƙarami ne, kuma ba zai shigo inda nake ba." Aka ce an ji.

Wani mahauci abokin Alhaji a Sawaba yana da karya da ke gadin awakinsa, ta haihu shida. Suka je. Karyar ta yi haushi biyu da ganin baƙi, mai gida ya yi mata magana ta koma ta kwanta, jikokinsa suna wasa a gefenta ko kallo ba ta yi musu. An yi mata allura, ga kati. Daga cikin ƴaƴan Alhaji bai ɗauki wanda ya fi rawar kai ba, bai kuma ɗauki wanda ya maƙale a lungu ba. Ya zaɓi wani baƙi da ya zo ya shinshina hannunsa ya koma wurin ƴan'uwansa. Kyauta aka ba shi, abin da ya yi masa daɗi tunda malamai sun yi saɓani kan kuɗin kare. Suka jira ya cika mako 8, Auta ta sa masa suna Duna tun ba ta taɓa shi ba.

Aikin da ya biyo baya ya fi na Zaki yawa nesa ba kusa ba, kuma wannan ne mutane ba sa faɗa wa mai neman ɗan kwikwiyo. Kukan dare, kashi a ko'ina, takalman da aka bari a ƙofa duk sun sha tauna. Ga maganin tsutsar ciki, ga allurar cututtukan ƙuruciya da ake farawa daga mako 6 zuwa 8 ana maimaitawa duk mako 3 ko 4 har ya kai mako 16, ga ta haukan kare a wata 3. Sai kuma wata matsala mai baki biyu. Lokacin da ɗan kwikwiyo ke karɓar sabon abu ba tare da tsoro ba gajere ne, daga mako 3 zuwa wajen 12 ko 14 ya rufe. Amma a daidai lokacin rigakafinsa bai cika ba, ƙwayar cutar parvo mai sa amai da gudawar jini tana daɗewa a ƙasa watanni, kuma tana kashe ƴan kwikwiyo da yawa. Aka rasa ko a ɓoye shi ko a fitar da shi. Dabarar da suka yi ita ce ɗan na biyu ya riƙa ɗaukarsa a cikin kwali zuwa bakin titi da yamma, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, ya ga pragya, wato keken fasinja mai ƙafa uku, da aboboya da ƴan makaranta, ya ji lasifikar masallaci. A gida duk baƙon da ya zo, mai jallabiya ko mai hijabi ko mai kayan gareji, sai a ba shi ɗan busasshen kifi ya miƙa masa. Hajiya da kanta take shara a gabansa tana yar masa da ɗan abu, har tsintsiya ta zama ba komai ba. Wajen abinci kuwa aka juya abin da aka yi wa Zaki: in yana ci sai mutum ya wuce ya ƙara masa wani abu mai daɗi a kwanon ya tafi, har ya zamana in ya ji taku sai ya ɗaga kai yana kaɗa wutsiya.

A mako na uku komai ya kusa rushewa. Auta ta fito da gudu za ta tafi makaranta, hijabinta yana kaɗawa, Duna ya bi ta ya cafki gefensa ya ja har ya yage. Haƙorinsa bai taɓa fatarta ba. Amma ihun da ta yi irin na ranar Sallah ne, ta faɗa ɗaki ta kulle, ranar ba ta ci abinci ba. Hajiya ta ce a mayar da shi yau ɗin nan. Alhaji har ya ɗauko kwalin. Ƙanwar Hajiya ce ta sake shiga tsakani, ta ce a ba su mako biyu, in yarinyar ba ta sake ba ita da kanta za ta kai shi Sawaba. Likita ya bayyana musu cewa wannan wasa ne da ƙaiƙayin dasashi: haƙoran nono 28 ne, za su zube tsakanin wata 4 zuwa 6 ko 7, manya 42 su maye gurbinsu, kuma duk abin da ke gudu ɗan kwikwiyo zai bi shi. Bayanin ya kwantar da hankalin manya, amma bai taɓa tsoron yarinyar ba, kuma ba wanda ya yi ƙoƙarin lallashinta da shi.

Kafinta ya zo ya raba tsakar gidan da ƙaramin shinge mai ƙofa. Safe da yamma, lokacin fitar yara da dawowarsu, Duna yana bayan shinge da igiyar da aka ƙulla masa ta tauna. Ba a ce wa Auta ta taɓa shi ba, ba a kuma yi mata dariya ba, Alhaji ya ja kunnen yayyenta a kan haka. Aikin da aka ba ta ɗaya ne: ta tsaya ta wannan gefe, in ya zauna ta jefa masa kifi, in ya yi tsalle ta juya baya. Cikin kwanaki ta gane cewa ita ke juya shi. Ranar da na ga ta ɗaga yatsa ta ce "zauna" da ƴar muryarta mai rawa, ya kuwa dangwarar da gindi a ƙasa yana kallon hannunta, ta waiwayo ta kalli uwarta ba ta ce komai ba. Mako biyun suka wuce ba wanda ya sake ambaton kwali.

Sau ɗaya ya kusa mutuwa, kuma sana'ar gidan ce sila. Ya samu huhun goro a buɗe a shago ya tauna son ransa. Da dare sai amai, da haki, da zirga-zirga ba tsayawa, zuciya tana bugawa da sauri, sai da aka kai shi wurin likita. Goro yana ɗauke da kafeyin da tiyobiromin, irin sinadaran da ke sa cakulan da ƙwayar koko da ake yinsa da ita su zama guba ga kare. Tun ranar shagon goro a kulle yake. A nan ne kuma suka ji cewa ragowar miya mai albasa da yawa tana lalata jinin kare, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya huda hanji. Yanzu ana dafa masa nasa daban, garin masara da kifi ko tarkacen nama daga wurin mahaucin, ba gishiri ba yaji.

Duna ya haura shekara ɗaya da rabi. Bai taɓa cizon kowa ba. Da dare ko ɓera ya taɓa katanga sai unguwa ta ji, kuma tun zuwansa ba a sake haurowa ba, ko da yake an sa fitila a waje, maƙwabta ma sun ƙaru, don haka ba zan jingina masa duka ba. Auta ce ke zuba masa ruwa, amma har gobe in ta hango baƙon kare sai ta tsallaka titi.

A cikin dangi labarin da ya yaɗu shi ne karen tsintuwa ba shi da amana, ɗan kwikwiyo shi ne lafiya. Ban yarda da wannan ba. Zaki ma wata rana ɗan kwikwiyo ne da wani ya saya da kuɗi mai yawa, sarƙa da sanda da yunwa suka mai da shi abin da ya zama, gidan kawuna kuma ya ɗora daga inda gareji ya tsaya ba da mugun nufi ba. Da an kawo Duna yana mako 5 aka ɗaure shi a lungu aka riƙa tsula masa tiyo, da shi ma ya ciji wani. Akwai manyan karnuka da aka ceto suka zauna lafiya da yara, musamman in an san tarihinsu kuma an gwada halinsu kafin a shigo da su. Fa'idar ɗan kwikwiyo a wannan gida ita ce an ga uwarsa, makonnin nan masu muhimmanci sun faɗo a hannunsu, kuma ƙanƙantarsa ta ba yarinyar damar matsowa a hankali.

Abin da ake gardama a kansa yanzu fiɗiya ce. Tun da Duna ya balaga, duk lokacin da wata karya a unguwa ta shiga lokacinta sai ya nemi hanyar fita, sau ɗaya ya haura ta kan tulin bulo ya kwana a waje ya dawo da yagaggen kunne. Likita ya ce a fiɗiye shi, yawon zai ragu, haɗuwa da karnukan da ba su da allura ma haka, haushin gadi kuwa ba ya tafiya. Babban ɗan ya ce kare fiɗiyayye rago ne, shi dama har yanzu yana ganin Duna bai cika ido ba. Hajiya tana bayan likita. Alhaji ya sa an kwashe bulon an ƙara layi biyu a kan katanga, ya ce zai ji ta bakin Malam kafin lokacin allurar shekara ya zo.